Uwar 'Yar Fari da Matar Cikin Waya

Ni dai ba don son ilimi na shiga kwas ɗin nan ba, kada in yi wa kaina kwalliya. Shugabarmu a asibiti ce ta turo mana, ta ce wata ƙungiya ta buɗe wa ma'aikatan lafiya horo ta intanet a kan cututtukan ƙwaƙwalwa, wanda ya kammala zai sami satifiket, shi kuwa satifiket yana da rana idan an zo ƙarin girma. Na ce to. Nas ce ni, aikina a Gashuwa, gidana da 'ya'yana a Nguru, duk ƙarshen mako ina kan hanya. A mota nake kallon darussan, a matse a kujerar baya tsakanin kwalin banda da gwiwar wata. Da mun bar gari sabis ya ɗauke, ya ɗan leƙo a Jajimaji ya sake gudu, sai Baturiyar da ke koyarwa ta tsaya cak da baki buɗe, wani ɗan zobe yana ta juyawa a kan hancinta.

Ranar da muka zo babin cutar ƙin cin abinci, dariya na yi har direba ya waiwayo. Wai mutum ga abinci a gabansa, cikinsa lafiya ƙalau, ya ƙi ci don tsoron ƙiba har abin ya kai shi kushewa. Haba jama'a! Ni da na kwashe shekaru ina auna damtsen yara masu tamowa, uwa ta taho tun daga ƙauyukan Yusufari da ɗa a hannu kamar tsumma. Mu nan 'yan mata maganin ƙiba suke sha a ɓoye muna ta faɗa da su. Na ce wannan ciwon ƙoshi ne, ba zai iya zafin Gashuwa ba. Na amsa tambayoyin ƙarshen babin, na ci, na wuce gaba.

Cikin bazarar shekarar aka kawo mini ita. Budurwa ce, ta gama sakandare tana jiran shiga kwaleji. Gwaggonta, ƙanwar ubanta, ita ce ta riƙo ta har ɗakin da nake duba marasa lafiya. Akwai wata mata kuma da ta biyo su amma ta tsaya a bakin ƙofa tana kallon waje, sai daga baya na san ita ce uwar. Na ɗage hijabin yarinyar zan auna jininta, abin awon manya ya ƙi zama a hannun, sai da na ɗauko na yara. Ana wannan zafi da ko kare ba ya yawo, tafin hannunta sanyi ƙalau. Zuciyarta kuma tana bugawa a hankali kamar mai jin barci.

Gwaggon ta matso ta rage murya. "Sista, ƙoda ce ko? Ki faɗa mana gaskiya, mun saba ji."

Ba laifinta ba ne. A Gashuwa duk wanda ya fara ramewa, ƙoda ake fara kawowa a rai, don da wuya ka sami unguwar da ba a yi zaman makokinta ba. Na tura su Nguru aka yi gwaje-gwaje. Ƙoda lafiya, ba ciwon suga, ba tarin fuka, ba komai. Uban, wani Alhaji mai sayen riɗi, da kansa ya kawo mini sakamakon, bakinsa har kunne, ya ce har ya yi sadaka. "Tunda ba ƙoda ba ce, Sista, ai sauran mai sauƙi ne. A rubuta mata maganin cin abinci." Shi yana murna, ni kuwa babin nan ne ya faɗo mini a rai.

Na fitar da kowa na zauna da yarinyar. Na ce, "Me kika ci yau?"

"Azumi nake, Anti."

Ranar Talata ce. Da na bi ta a hankali sai zancen ya fito. Ta fara da Litinin da Alhamis, ta ƙara da ramuwa, daga nan ta daina ba da dalili, kuma ba wanda ya nema. Gidansu har misali ake yi da ita ga ƙannenta. Idan an sha ruwa kuwa, tire ɗaya ake zuba musu burabusko ita da ƙannen, sai ta sa hannu tana juyawa tana tura musu gabansu. Tire ya tashi fes, wa zai ce wani bai ci ba? A Nguru ta tashi wajen kakarta, tana da jiki a lokacin, 'yan ajinsu suna ce mata buhun gero. Da kakar ta rasu aka dawo da ita gidan iyayenta.

Sai na yi mata tambayar da na ji a bakin Baturiyar nan, ina jin kaina kamar wata sakarya. "Idan kin kalli jikinki, me kike gani?"

Ta sa yatsu ta kama fatar damtsenta, fata ce kawai a kan ƙashi, ta ja. "Ba ki ga nan ba, Anti? Har yanzu da saura."

Wallahi sak abin da na yi wa dariya a mota.

Na koma kan babin nan, wannan karon ba dariya. Na kalla, na maimaita, data ta ƙare na sake sawa. Abin da suka ce ana bukata ya fi ƙarfin garinmu gaba ɗaya. Wai a haɗa likitan ƙwaƙwalwa da masanin abinci da mai zama da iyali yana ba su shawara, a riƙa auna gishirin jini a kai a kai. Mu likita ɗaya gare mu, shi ne na haihuwa, shi ne na haɗarin mota. Akwai wani gurbi da suka ce a rubuta tambaya, na rubuta da ɗan Turancina cewa ni kaɗai ce, ba ni da ko ɗaya cikin waɗannan, yaya zan yi? Bayan kwanaki amsa ta zo, mai ladabi ƙwarai. Sun gode da tambayata mai muhimmanci, suna ba ni shawara in tura ta cibiyar ƙwararru mafi kusa. Na kalli wayar nan kamar in maka ta da bango. Mafi kusa ai asibitin ƙwaƙwalwa na Maiduguri ke nan, kuma da na furta wa Alhaji sai fuskarsa ta canza. "'Yata ba mahaukaciya ba ce, Sista. Kada in sake jin wannan maganar."

Abu ɗaya ya rage wanda ba ya bukatar na'ura. Akwai wani bidiyo a cikin darasin, uwa da 'yarta a teburin cin abinci. Uwar ta zuba wa 'yar a farantinta ita kaɗai, ta zauna dab da ita, ta kira sunanta, ta kalle ta cikin ido, ta ce tana ƙaunarta kuma ba za ta tashi ba sai ta ci. 'Yar ta yi kuka, ta yi fushi, uwar ba ta gusa ba. Mai koyarwar ta ce a wannan ciwo iyaye su ne maganin. Na ji sanyi a raina. Na ce in dai uwa ce, ai muna da ita.

Na aika aka kira mini uwar. Ta shigo tare da gwaggon, ta zauna a gefen benci. Na kunna mata bidiyon ina fassara mata. Da ya ƙare na ce, "Hajiya, haka za ki riƙa yi mata, safe da rana da yamma."

Ta ja mayafi ta rufe bakinta. Gwaggon kuwa ta tuntsire da dariya. "Kai, Sista! Ke kamar ba 'yar ƙasar nan ba? 'Yar fari ce fa."

Na san abin sarai, uwata har ta koma ga Allah ba ta taɓa faɗin sunan babban wanmu ba. Matar nan tun da ta haifi yarinyar ba ta taɓa kiran sunanta ba, sai dai ta ce waccan, ko yarinyar nan. Ba ta taɓa cin abinci kwano ɗaya da ita ba, ba ta taɓa yi mata wasa a gaban mutane ba, ana yaye ta ta miƙa wa kaka. Ba ƙi ba ne, kunya ce, kuma da ita ake gane 'yar mutunci. Ni kuma na zo da wata Baturiya a waya ina cewa ta zubar da wannan duka a tsakar gida, gaban dangin miji.

Amma raina ya riga ya ɓaci, bakina kuma ba ya da birki. Na ce, "Hajiya, yarinyar nan mutuwa za ta yi. Kin ji ni? Mutuwa. Ranar da aka fito da ita a makara ma kunyar za ki ji?"

Ba ta ɗago ba. Ƙasa ta yi wa magana. "Gwaggonta ta yi mata mana. Ai duk ɗaya ne."

Gwaggon ta gwada, Allah ya sani. Sai dai mace ce mai hayaniya, kowane zama sai ya koma faɗa, ta yi zagi, ta yi barazanar ɗure, yarinyar ta kulle baki. Aka kai ta wajen malamin unguwarsu, shi kuwa mutumin kirki, ya ce mata Allah bai ɗora wa bawa azumin da zai halaka shi ba, ta ajiye. Ta ce to. Ta daina cewa tana azumi, cin ne dai ba ta fara ba. Duk zuwan da za su yi sai na ga ta ƙara shigewa cikin hijabin.

Da damina ta faɗi a banɗaki, aka kawo ta ranga-ranga, muka ba ta gado. Washegari da rana, ɗakin mata cike da masu dubiya, sai ga uwar ta shigo ita kaɗai da kwanon kunun gyaɗa. Ina canza wa wata ƙarin ruwa na hango ta. Ta wuce tabarmar da masu jinya ke zama, ta hau bakin gadon ta zauna. Ta daɗe tana juya kunun da cokali. Sannan ta kira sunan.

Sunan ya yi mata nauyi a baki kamar na baƙon yare. Matan da suka san su suka juyo suna kallo, wata tsohuwa har da riƙe haɓa. Yarinyar ta juyo da kai tana duban uwarta kamar ba ta gane ta ba.

"Ba zan tashi ba sai kin sha," in ji uwar. Maganar ƙauna dai ba ta iya fitowa ba, ban kuma ga laifinta ba.

Yarinyar ta buɗe baki. Tana sha tana kuka, uwar tana ba ta tana kallon cokalin, hawaye yana ɗiga a mayafinta. Ni na shige ɗakin magani na yi nawa kukan, na fito ina masifa wai an bar mini ƙofa a buɗe.

Kwanaki aka yi haka. Kullum uwar tana nan a bakin gado, har ta fara kiran sunan ba tare da ta waiwaya ta ga wa ke ji ba. Na fara sa rai, ban ɓoye ba. Amma akwai abin da ke cina. Darasin ya yi gargaɗi cewa jikin da ya daɗe da yunwa, idan abinci ya dawo masa, gishirin jini yana iya rikicewa zuciya ta tsaya, don haka a riƙa aunawa kullum. Mu ba mu da abin awon, Nguru kuma yarinyar ba za ta jure hanyar ba. Ni da likita muka riƙa ƙara mata kaɗan-kaɗan, da ka, muna addu'a.

Wata safiya da hantsi uwar tana fifita kunu, ta juyo da cokali, ta tarar yarinyar ba ta numfashi. Muka yi duk abin da ake yi, zuciyar ba ta dawo ba. Har yau ban san ko yunwar ce ta kashe ta ko dawowar abincin ba, kuma ba wanda zai taɓa gaya mini. A wajen zaman makoki na ji mata suna cewa ƙoda ce, gwajin ne bai gano ba. Na bar su a haka. Na gaji.

Bayan an yi arba'in, ina tsakiyar duba masu awon ciki, sai ga uwar ta leƙo. Ta bi layi kamar kowa har aka zo kanta. Muka gaisa, na sake yi mata gaisuwar rashi. Ta ce ba ciwo ya kawo ta ba.

"Sista, matar nan ta cikin waya. Ki sake nuna mini ita. Ina so in ga ko akwai abin da ban yi daidai ba."

Na ce, "Hajiya, kin yi komai. Kwana ne ya ƙare." Ta ce ta sani, amma dai in nuna mata. Na kunna na miƙa mata. Ta riƙe wayar da hannu biyu, ba ta jin ko kalma ɗaya, ta kalla tun daga zuba abincin har inda 'yar ta haɗiye lomar ƙarshe uwar ta rungume ta.

"Wannan ne ban yi ba," ta ce. Ta nuna matar da yatsa. "Ita tata ta tashi?"

Na karɓi wayar. A ƙasan hoton akwai wani ɗan siririn rubutu, na tsaya na karanta shi da kyau. Na so in yi mata ƙarya, bakina ya ƙi.

"Hajiya, ba 'yarta ba ce. 'Yan wasan kwaikwayo ne, an shirya ne don a koya mana."

Ta dube ni, ta dubi wayar. "Au. Ashe ita lafiyarta ƙalau."

"Ƙalau."

"Shi ya sa ta ci," ta ce.

Ta miƙe ta gyara mayafinta, ta ce in gaida yara idan na je Nguru. Na ce za su ji. Mai bi mata a layi ta riga ta shigo tana neman wurin ajiye takalmi.