Katin Mushe

A ƙasarmu Nijar, in an ce maka Mushe girmama ka aka yi. Malamin makarantar boko ke nan, kalmar Faransanci ce da bakin Bahaushe ya tauna ya mayar tasa. Sai da na ƙetaro Najeriya na san a nan abin ba haka yake ba. Ranar da na kama aikin koyar da Faransanci a wata makarantar kuɗi a unguwar Barnawa ta Kaduna, mai gadi ya ji Hausata ya gane ɗan gida ne, sai ya ɗaga murya daga bakin ƙofa: "Mushe, an kwan lahiya?" Ɗalibai da ke kan layi suka fashe da dariya har wata ta zauna a ƙasa. A wurinsu mushe dabbar da ta mutu ba yanka ce, wadda ake ɗaura wa igiya a ja ta bayan gari. Na yi faɗa, na yi hukunci, na kai ƙara ofis, duk a banza. Kafin wata ya ƙare har mai makarantar da Mushe take kirana.

Mai gadin nan Ba'adare ne, dattijo siriri mai farin rawani, kowa Baba yake ce masa. Ya fi shekara ashirin a Kaduna amma harshensa bai bar Adar ba ko da kwana ɗaya. Shi ya samo mini ɗaki a Makera kusa da nasa, shi ya koya mini unguwar da ake shiga da hula da wadda ake cire ta a sa aljihu. Ni mutum ne mai saurin hawa, shi kuma ba abin da yake so irin ya ga na hau. In ya tsokane ni na fara kumfar baki, sai ya jingina da bango yana dariya har rawaninsa ya karkace.

Maganar kati ta taso a shekarata ta biyu. Na sami gurbin ƙaro karatu daga nesa a wata jami'a ta ƙasar waje, su kuma ba sa karɓar rajista sai ta intanet, da irin katin nan da banki ke biya maka, kai ka biya shi ƙarshen wata. Bankin da ake zuba mana albashi ba ya bayar da irinsa, don haka na nufi wani da ke bakin babban titi. Teburin da aka tura ni na wata budurwa ce mai gilashi, 'yar kudancin Kaduna. Ta juya fasfona gaba da baya, ta ce, "Oga, ai kai foreigner ne. Naka da ɗan wahala fa."

Ban taɓa jin baƙunta ta yi mini ciwo irin na ranar ba. Da Hausa take yi mini magana, Hausar da na sha a nono, amma ni ne baƙo. Aka ce in kawo takardar izinin zama, na kawo. Aka ce takardar kuɗin wuta ta gidan da nake, na kawo, sai ga shi sunan mahaifin mai gidan ne a kai, wanda ya rasu tun zamanin soja. Aka ce in kawo mutum biyu masu asusu da za su tsaya mini. Baba ya buga ƙirji ya ce shi ne na farko, na tuna masa asusunsa gwangwanin madara ne a ƙarƙashin tabarma. Ƙarshe dai mai makaranta da wani malamin lissafi suka sa hannu, aka haɗa da wasiƙa daga wurin aiki. Sawu bakwai na yi a bankin nan, kuma a biyar daga ciki sai da mai tsaron ƙofarsu ya ba ni haƙuri.

Wasiƙar nan ita ta ja komai. Sakatariyar makaranta ta buga abin da kunnenta ya saba ji: Mushe, sannan sunana, sannan na mahaifina. Budurwar banki ta ga kalmar da ba ta sani ba, ta ɗauka kuskuren bugu ne, ta gyara mini don kyautatawa. Da katin ya iso daga Legas na buɗe ambulan a gabanta, sai na ga sunan Annabi Musa yadda 'yan coci ke faɗinsa da Turanci, da manyan baƙaƙe. Nawa na yanka an matse shi ya koma harafi ɗaya da ɗigo. Na mahaifina kuwa sunan gargajiya ne, irin wanda ake samu a masallaci ake samu a coci.

Na buga teburinta har biro ya yi tsalle. Na ce a kan me za a sake mini suna ba rago ba goro? Ta yi ta ba ni haƙuri, ido ya cika da hawaye, ta ce za a bugo wani, amma in riƙe wannan zuwa Litinin ta bayan zaɓe, in zo da shi a musanya. Baba kuwa abin nema ya samu. Kullum da safe sai ya tare ni a ƙofa ya kira ni da sabon sunan, ya ce, "Yaushe za ka kai ni cocinku in ga wuri?" Rannan na gaji na ce masa tsohon banza. Ya yi dariya har da tari. Ban ba shi haƙuri ba, ina cewa akwai lokaci.

Zaɓen shugaban ƙasa ne, karo na uku tun da soja suka koma bariki. Ni ba ƙuri'a gare ni ba, don haka ban sa shi a ka ba. Litinin da safe na sa kwat da nekitai, don na lura a banki tufafi ake fara gaisarwa, na hau acaba na tafi. Ina kan layi aka fara rufe ƙofofi. Waya ta yi ta ƙara a aljihun kowa. Wani ya ce ana ƙone-ƙone a ƙetaren gada, wani ya ce an tare hanya ana fito da mutane daga mota ana tambayar suna. Aka kore mu ta ƙofar baya, katina na nan a aljihu yadda na zo da shi.

Na nufi makaranta, ana hutu, Baba kaɗai ke ciki. Na same shi ya riga ya kulle ajujuwa, rediyo a kunne. Ya ce zama a nan ba namu ba ne, gara mu ratsa ta lunguna mu faɗa Makera kafin labarin ƙetare ya gama isowa. Na ce ya cire rawanin. Ya dube ni kamar na ce ya tuɓe wando.

"Hwarin gemun hwa, shi ma in cire shi?" in ji shi. "Kai dai bari in yi gaba, ka ba ni rata. Kwat ɗinka da rawanina ba su tahiya tare yau."

Haka muka yi, yana gaba da kamar taku talatin. Hantsi ne, rana fes, amma titi ba kowa sai awaki. Shaguna a rufe, takalma warwatse a kan kwalta, wani keke mai ƙafa uku na ci da wuta shi kaɗai. Mun kusa fita unguwar sai Baba ya sha wata kwana, na daina ganinsa. Na ji ihu, na ji ƙarar ƙarfe a kan abu mai taushi. Da ina da hankali da na juya, amma ƙafata ta riga ta kai ni kwanar.

Samari ne sun fi ashirin, sun gindaya benci da tayoyi masu hayaƙi. Adduna, gorori, wani da ƙarfen rodi, wani da jarkar fetur. A gefen kwata akwai mutum biyu kwance, ɗaya ya ƙone har ba a gane tufafinsa, warin ya cika wurin. Baba na durƙushe a tsakiyarsu. Rawanin ya warware a ƙasa, an sare shi a gefen kai, kunnensa na reto, jini ya jiƙa gemun nan da ya ƙi cirewa.

Aka damƙo ni ta nekitai. Wani ya kwaɗa mini gora a kafaɗa, hannuna ya mutu nan take. Babbansu, wani dogo mai jar riga, ya sa mini adda a maƙogwaro, na ji ɗumin jinin wani a jikinta.

"Wetin be your name?"

Ba su jira amsa ba. Suka zazzage aljihuna. Fasfona na gida, Allah ya sa, abin da ya faɗo waya ce da biro da katin. Dogon ya ɗauka ya karanta da ƙarfi, ya dube ni, ya sake duban katin. Na ji addar ta ɗan sassauta.

"Ƙarya ne!" in ji mai jarka. "Ku dubi fuskarsa, wannan Bahaushe ne. Satar katin ya yi."

Sai bakina ya buɗe da Faransanci, na yi ta zuba, ban san me nake cewa ba. Na haɗa da guntun Turanci na ce malami ne ni, daga ƙasar waje na zo. Suka rabu biyu, wasu na cewa a sake ni, wasu na cewa a zuba mini mai a gani ko da wane suna zan yi ihu. Dogon ya ja ni har gaban Baba, ya ɗago haɓarsa da bakin adda.

"Kai tsoho, ka san wannan?"

Baba ya ɗago ido ɗaya, ɗayan jini ya rufe shi. Ya dube ni sosai. Na rantse da Allah na ga abin nan da ke zuwa gefen bakinsa in zai tsokane ni. Sai ya kira sunan da ke kan katin, sarai, kamar shi ya raɗa mini shi.

"Na san shi," ya ce. "Malamin yara na. Ɗan coci na, ba ya ko gaishe mu."

Dogon ya juyo gare ni. "Kai fa, ka san shi?"

Shekaru na yi ina juya wannan tambayar. Da na ce mai gadinmu ne, mutumin kirki ne, ku bar shi, wataƙila su ji maganar wanda suka ɗauka nasu ne. Wataƙila kuma su haɗa mu su ƙone. Ban sani ba, kuma ba zan taɓa sani ba, domin ban gwada ba. Don tsoro har fitsari ya zubo mini a wando. Na ce, "Ina dai ganinsa a hanya."

Aka cusa mini katin a aljihun kwat, aka hankaɗa ni. Wani ma ya ce in bi ta hagu, dama ba kyau. Ban kai taku goma ba na ji sun rufar wa Baba. Na ji sara, na ji Baba ya ɗaga murya da kalmar shahada, ya kai rabi, na ji wani saran. Sai ƙarar jarka, sai wuta ta ce bup. Ban waiwaya ba. An ce in ka ga gemun ɗan'uwanka ya kama wuta shafa wa naka ruwa, to ni na shafa, kuma ba karin maganar da na tsana yanzu kamarta.

Kafin in shiga Makera sai da na cusa katin cikin safa, na yar da nekitai, don a bakin unguwarmu ma akwai namu samarin da nasu addunan, suna tambayar suna. A nan shahada na karanta aka bar ni na wuce, har ƙarshenta na kai. Kwana uku ina ɗaki ana dokar hana fita, ɗakin Baba na kallon nawa da kwaɗo a ƙofa. Da aka sassauta na bi asibitoci ina buɗe zannuwa, ban same shi ba. An ce waɗanda ba a gane ba an haɗa su rami ɗaya. Rediyonsa da gwangwanin madarar na aika wa iyalinsa ta hannun wani direba, ban iya kai su da kaina ba.

Bayan wata guda banki ya kira ni. Budurwar na nan a teburinta, ta rame, da baƙaƙen kaya. Mai tsaron ƙofa ya raɗa mini cewa yayanta aka fito da shi daga mota a ƙetaren gada, a wannan Litinin ɗin. Na yi mata gaisuwa, ta amsa ba ta ɗago ba. Ta miƙo mini sabon kati, sunana na yanka cikakke, ba harafin da ya ɓata. Ta karɓi tsohon, ta ɗauko almakashi.

"Sorry sir, laifina ne," ta ce. "Ina fata dai kuskuren bai jawo maka wata matsala ba."

Ni ne fa na buga mata tebur a kan harafi biyar. Na ce a'a, bai jawo mini komai ba. Ta datse katin gida biyu ta jefa a kwandon shara, ta kira na bayana. Na durƙusa a gaban mutane, da kwat ɗina, na tona takardun na tsince guntayen biyu.

Suna cikin jakata har yau. Na bar Kaduna tuntuni, na koma koyarwa a gida, inda kowace safiya yara ke miƙewa su ce da ni Mushe don girmamawa. Ina amsawa, amma da kunnen 'yan Barnawa nake jin ta.