Dattijon da Na Tsaya Wa Ya Shige I'itikafi

Ko da zan kai shekara ɗari biyu a duniya, haƙora su zube, in manta sunan unguwarmu, akwai yini ɗaya da ba zai fita daga kaina ba. Shi ne ranar da na shiga Harami da azumi a bakina, ina neman mutum ɗaya tak a cikin al'ummar Annabi gaba ɗayanta.

A lokacin ina aiki a wani masauki a unguwar Misfala a Makka, ni ne mai karɓar baƙi. Duk Juma'a in an sauko daga masallaci, mu 'yan gida mukan taru a bakin shagon wani tela mu yi hira. Cikin masu zuwa akwai wani dattijo mutumin Sakkwato, kowa Baba yake ce masa. Shara yake yi a tashar motocin Kudai ƙarƙashin wani kamfani, kuma bai cika wata takwas da zuwa ba. Mutum ne marar hayaniya. In ya gaishe ka sau ɗaya, to ya gama hirarsa ta mako. Ni kuwa Allah Ya hore min baki, don haka muka dace: ina zuba, yana gyaɗa kai.

A farkon azumin shekarar, yana cikin shara sai ya tsinci jakar kuɗin wani mai Umara a ƙasa. Duk wanda ya daɗe a Makka ya san abin da ya faɗi a nan ba a ɗaukarsa. Ko ka wuce, ko ka nuna wa askari, wato ɗan sanda, da yatsa daga nesa. Baba kuwa sai ya yi abin da a gida za a sa masa albarka a kai: ya ɗaga jakar sama yana zagaya motoci yana cigiya, da Hausa kuma. Mai jakar ya hango kayansa a hannun baƙo, ya kurma ihu. Kafin Baba ya haɗa kalma biyu ta Larabci an sa shi a mota.

Kwana tara ya yi a tsare. Mai jakar ya karɓi abinsa ya bi ayarinsu Madina, bincike kuma ba zai ƙare ba sai ya dawo, sai kuma an duba hoton kyamarar tashar. Aka ce za a iya sakin Baba kafin nan, in an sami mai yi masa kafala, wato mai tsaya masa. A gida na san yadda beli yake, har akwai masu zaman bakin kotu da takardar fili a aljihu, sana'arsu ke nan tsaya wa wanda ba su taɓa gani ba. Wannan ba haka ba ce. Ba a nemi ko riyal ɗaya ba. Kanka za ka ajiye, da igamarka, takardar zaman da in babu ita kai ba kowa ba ne a ƙasar.

Da aka kawo maganar majalisarmu ta shagon tela, ban taɓa ganin cuta ta sauka wa mutane lokaci ɗaya irin ranar ba. Wannan igamarsa ta kusa ƙarewa, wancan maigidansa mugu ne, tela kuwa ya duƙufa kan keke kamar shi zai ɗinka wa duk Makka kayan Salla. Ban ga laifinsu ba, kowa da iyali a bayansa. Kamfanin Baba ma cewa suka yi ba ruwansu da abin da ba shara ba.

Na koma gida na gaya wa uwar yarana ni zan tsaya. Ta ajiye ludayi ta dube ni.

"Alhaji, ka san garinsu?"

"Sakkwato."

"Sakkwato gida ɗaya ce? Ka san sunan mahaifinsa?"

"Zan gani a takarda."

"To Allah Ya sa alheri. Amma in aka rufe ka, ni ba na kai abinci markaz, ka ji na gaya maka."

Ta faɗi haka, amma ita ce ta soya ƙosai ta ƙulle a leda ta ce in kai masa na buɗa baki.

A markaz ɗin 'yan sanda na miƙa igamata da takardar shaida daga wurin aikina. Jami'in, wani matashi mai natsuwa, ya maimaita min sharaɗin har sau uku: duk ranar da suka kira, in kawo shi. In ban kawo shi ba, ni zan amsa, a dakatar da igamata, shi kuma in an kama shi babu sauran kafala. Na ce na ji, na dangwala yatsa.

Da aka fito da Baba sai na tsaya ina kallonsa. Ya rame, wuyansa ya yi tsawo, idanunsa sun faɗa. Abin da ya fara tambayata shi ne, "Ɗana, an maida ma kamfani tsintsiyarsu?" Dattijo ya kwana tara a rufe da azumi, damuwarsa tsintsiyar mutane.

A cikin tasi ya riƙe hannuna ya ce, "To yanzu mi ya rage?"

Nan ne bakina ya ja min. Na ga tsoro a fuskarsa, na so in kwantar masa da hankali, kuma in faɗi gaskiya na so ya san wanda ya tsaya masa ba ƙaramin mutum ba ne. Na bugi ƙirji na ce, "Baba, magana ta mutu. Ni na kashe ta, na yi mata wanka, na binne ta. Je ka ka yi barcinka." Ban ce masa za a sake kira ba. Ban ce masa na ajiye kaina ba. Ya yi ta sa min albarka har Kudai, ni kuma ina ta kumbura a kujera.

Ranar ashirin da biyu ga azumi da hantsi waya ta shigo. Jami'in ne. Mai jaka ya dawo, gobe ƙarfe goma in kawo mutumina. Na ce masa ai wannan mai sauƙi ne. Na kira Baba, waya na ta ƙara ba a ɗauka. Na kira sau ashirin. Na tari mota sai Kudai.

Abokan ɗakinsa suka ɗaga matashi suka nuna min wayar a ƙarƙashi. Suka ce tun shekaranjiya ya ɗauki hutu a wurin aiki, ya naɗe darduma da bargo da Alƙur'aninsa, ya ce ya shiga i'itikafi a Harami, sai an ga wata.

"Ta wace ƙofa?"

"Bai faɗa ba."

Wanda bai taɓa ganin Harami a goman ƙarshe ba ba zai gane abin da ya same ni ba. Mutanen da ke ciki, in aka ce su riƙe hannun juna, sai sun kai Kano sun dawo. Kuma mai i'itikafi ba ya fita, ba ya zuwa shago, ba ya zuwa majalisa. Yana can ciki, a sama ko a ƙasa ko a tsakiya, ya lulluɓe da bargo kamar sauran dubbai.

Na shiga bayan Azahar. Na fara da wuraren da 'yan gida suka saba zama, na bi sahu sahu ina leƙa fuskoki. Duk baƙin mutum mai furfura da na gani kwance sai na ɗaga mayafinsa. Na tashi mutumin Sudan, na tashi mutumin Mali, na tashi wani ɗan Ghana har sau biyu, a na biyun ya ce in na sake dawowa zai karya azuminsa a kaina. Wani Baturke ya ga yadda nake zare ido, ya danƙa min dabino ya shafa kaina, ya ɗauka na zautu. Tafiyar da na yi ranar, da tsakanin Safa da Marwa ce, da na yi wa duk danginmu Umara har da waɗanda ba a haifa ba.

Dariya nake yi yanzu, amma ranar ba dariya. Ina tafe ina lissafa yarana huɗu da makarantarsu, da shekarun da na yi ina lallaɓa igamar nan. Wata zuciyar kuma tana raɗa min cewa dattijon nan gudu ya yi, i'itikafin labari ne. Na yarda da ita na ɗan lokaci, kuma har yau ina jin kunyar hakan.

Bayan La'asar ƙafafuna suka ƙi. Na gangara ƙasan masallaci na jingina da wani ginshiƙi, maƙogwaro kamar an zuba yashi. Ko'ina karatu ke tashi kamar kukan zuma, kusan duk da ƙira'ar da aka saba ji a Makka. Can cikin wannan gunji sai kunnena ya tsinko wani abu daban: karatun Warshu irin na gida, da jan nan da gangarar murya ta wanda ya yi karatun allo. Na miƙe na bi sautin kamar mai bin ƙamshin tuwo. Bayan ginshiƙi na huɗu, ga Baba zaune a kan dardumarsa, yana rangaji.

Na jira ya kai ƙarshen aya. Ya ɗago ya gan ni, fuskarsa ta washe.

"Ɗana! Kai ma ka shigo?"

"Na shigo, Baba, amma da fita na zo. Gobe ƙarfe goma ana neman mu a markaz."

"Ba kai ka ce magana ta mutu ba?"

"Ta farfaɗo."

Ya girgiza kai a hankali. "Ina can ciki na yi ma Allah alkawali, in Ya hisshe ni, goman ƙarshe ba ni taka waje. Ka ce musu su yi haƙuri, bayan Salla ina tahe da ƙahwata."

Babu sauran wurin ɓuya. Na zauna a gabansa na faɗa masa komai, ba ƙari ba ragi, abin da ya kamata in faɗa tun a cikin tasi. Na gaya masa abin da na dangwala wa yatsa, da abin da zai same ni in bai je ba, da abin da zai same shi.

Ya saurara har na gama. Sannan ya ce, "Kana nuhin kanka ka aje musu?"

"Kaina, Baba."

"Da ɗiyanka huɗu?"

Na gyaɗa kai.

"Kuma ka bar ni ina ta godiya, ban ma san abin da nika gode mawa ba." Idanunsa suka kawo ruwa. Ya rufe Alƙur'anin ya ɗora a cinya. "Allah Ya hi hukuma haƙuri. Shi Yana jira na. Tahi gida wurin iyalinka, gobe ƙarhe takwas kana iske ni bakin ƙohwar da ka kallon Misfala."

Na so in ce a'a, mu tafi tare yanzu, in kulle shi a ɗakin masauki in haɗiye makullin. Amma na dubi fuskarsa na kasa. Muka yi buɗa baki tare da dabinon Baturke da zamzam, na tafi na bar shi.

Da na isa gida na ba da labari, uwar yarana ta riƙe haɓa. "Ka gan shi da idonka, ka kuma baro shi? Alhaji, anya azumin nan bai taɓa ka ba?"

Washegari ƙarfe bakwai na isa ƙofar. Baba yana nan tsaye, darduma a hammata. Wani mai shara a wurin ya ce min tun da aka idar da Asuba dattijon nan yake tsaye, an ba shi kujera ya ƙi, wai kada mai zuwa ya duba bai gan shi ba.

A markaz abin bai ɗauki awa ɗaya ba. Hoton kyamara ya nuna Baba ya ɗauki jakar daga ƙasa, ya ɗaga ta sama, yana bin motoci ɗaya bayan ɗaya. Jami'in ya ce bai taɓa ganin ɓarawo mai tallan abin da ya sata ba. Mai jakar kunya ta rufe shi, ya kama kan Baba ya sumbata yana neman gafara. Jami'in ya juyo ya yi bayani da Larabci, ya ce in fassara. Baba ya kama hannun rigata.

"Hwaɗa min yadda ya hwaɗi. Kar ka sa gishiri."

Na faɗa masa daidai: an wanke shi, an sauke min kafala, zai sa hannu cewa ba zai ƙara ɗaukar tsintuwa ba. Ya dangwala, muka fito. Wani malami ya ce masa ya rama alkawarinsa, ya kuwa rama kwana gomansa cif bayan Salla.

Tun daga nan na tsaya wa mutum uku, ba wanda ya gudu. Amma kowannensu sai na zaunar da shi na karanta masa takardar layi layi, ranar da aka kira kuma ni nake zuwa in ɗauko shi. Abin da wannan lamari ya koya min shi ne, da yawa daga waɗanda ake cewa sun tsallake beli ba miyagu ba ne, ba a yi musu bayani ba ne, ko ba a tuna musu ba. Da yawa kuma daga waɗanda ke kwana a rufe ba laifinsu ne ya riƙe su ba, rashin mai cewa "na san shi" ne. Baba bai ɗauki komai na kowa ba, amma ya yi kwana tara saboda dukanmu muna tsoro. In Allah Ya ba ka zuciyar tsaya wa mutum, ka tsaya masa, sannan ka gaya masa nauyin da ka ɗauka dominsa. Mutumin kirki in ya san wuyanka ne a ajiye, zai riga ka isa bakin ƙofa.