Kulocin da Sallau Ya Hana Kawu

Ƙanena Sallau ba ya iya ganin maɓalli ya wuce bai tambayi wanda ya sa shi a wurin ba, da dalilin sa shi. Tun muna yara a Dogarawa haka yake. Babanmu direban motar haya ne, Dogarawa zuwa Malbaza, Malbaza zuwa Konni. Sauran 'yan gidanmu suna kokawar riƙe sitiyari, shi kuwa Sallau yana tsugune a ƙasan kujera yana tambayar Baba me ya sa aka ajiye birki dab da totur, alhali ƙafa tana iya kuskure ɗaya ta taka ɗaya. Baba yakan ce masa ya je ya tambayi wanda ya ƙera motar, ya bar shi ya sha shayinsa.

Tuƙi dai bai shige shi ba, lakwal ma, wato makarantar boko, sama-sama. Ya koyi gyaran waya a Konni, daga nan ya lallaɓa ya buɗe ɗan situdiyo a bayan tasha, ɗaki guda da ya manne bangonsa da kwalayen ƙwai don kada hon ɗin motoci ya shiga waƙar mutane. Ni kuma shagon ɗinkina yana layi ɗaya da shi, don haka duk mitarsa a kunnena take ƙarewa. Yana ɗaukar waƙoƙin biki, da tallar masu magani, da ƙasidun 'yan makarantar islamiyya.

Mitar tasa kullum a kan manhajojin da yake aiki da su ne a kwamfuta, guda biyu. Tsohuwar kamar shagon kayan mota take, komai a baje, maɓallai ƙanana birjik har ido ya yi ciwo. Kafin ka iya ta sai ka sha wuya, amma ba ta ɓoye maka komai. Sabuwar kuwa fes take, 'yan maɓallai manya, wanda bai taɓa kwamfuta ba ma zai kama ta da hantsi ya yi waƙa kafin azahar. Sai dai takan yanke maka hukunci ba ta tambaye ka ba, abin da kake bukata kuma ta tura shi can ƙasa sai ka yi ta tono. Yakan ce mini, "Yaya Tsahara, abin da anka aza ma mutum gaban ido shi zai taɓa. Wanda yat tsara allon ga ya riga ya zaɓa maka rabin waƙarka." Ni dai nakan ce masa ya matsa daga haske, ina saka zare.

Ban san maganar tana da nauyi ba sai da lamarin Kawu Na'Allah ya taso.

Kawu yayan mahaifiyarmu ne, makaɗin gangar noma. A garinsu, wajen Bazaga, in an kira gayya, manoma sun jeru da hauya a gonar mutum ɗaya, gangarsa ce take tura su. Yana da kiɗa na kowane gida, yana da na lokacin da rana ta take, yana da na ƙarasa gona. 'Ya'yansa duk sun bi kasuwanci, babu wanda ya ɗauki ganga. Ga shi hannunsa na dama ya fara rawa, gular da yake kaɗa gangar da ita takan suɓuce masa. Likita ya gaya mana a asibiti cewa abin gaba zai yi, ba baya ba. Sallau ya sa wa ransa sai ya ɗauki kiɗan nan kafin daminar ta fita, domin ya san ta baɗi ba lallai hannun ya riƙe gula ba.

Ya kawo Kawu situdiyo, ya buɗe sabuwar manhaja don aiki ya yi sauri. Ita kuwa tana da wani ƙyas-ƙyas da take bugawa a kunnen makaɗi ya bi, sannan in an gama ta ja kowane bugu ta daidaita shi a kan layi. Da aka kunna wa Kawu, sai ya cire abin kunne ya ajiye a hankali.

"Wagga tahiyar soja ta," in ji shi. "Wa ka noma haka? Hauya tana gajiya, ɗana. In ta gaji sai ganga ta jira ta."

Sallau ya koma tsohuwar manhaja, ya kashe duk wani gyara. A nan kuma wata matsalar ta ɓullo. A gefen maɓallin ɗauka akwai hoton kwandon shara, babba, ja. Kawu bai yi lakwal ba amma idonsa ba ya kuskure. Ya tambayi amfanin kwandon, aka gaya masa, shi ke nan. Da hannu ya ɗan yi rawa sai ya tsaya ya nuna allo da haɓa: "Zuba shi can." Mutum ne da bai taɓa yarda a ji kuskurensa ba. Sun yi ta zuwa, gero ya yi tsawo a gona, ba su da ko kiɗa ɗaya a ajiye.

Ni raina ya ɓaci. Na ce wa Sallau ya riƙa ɓoye kwafi mana, tsoho ina zai sani? Ya dube ni kamar na ce ya ɗauke wa Kawu takalmi a masallaci. Ya ce kiɗan mutum nasa ne, ba zai ce masa ya zubar alhali ya ajiye ba. Ya ce laifin ba na Kawu ba ne, na wanda ya ajiye kwandon shara kusa da hannun mai jin kunya ne.

Sai ya tafi Dogarawa, wurin tsohuwar motar Baba da ta daɗe a kan duwatsu kaji suna ƙwai a cikinta. Ya kwanto birki da totur da kuloci. Ya farke wani mataccen allon rubutu na kwamfuta, ya ja wayoyi daga cikinsa, ya kafa totur da birki a kan katako. Ka taka totur, ɗauka ta fara. Ka taka birki, ta tsaya ta ajiye. Babu allo, babu ƙyas-ƙyas, babu abin kallo. Kulocin kuwa ya jefa shi a buhu. Na yi masa dariya har da hawaye, na ce ashe dai tuƙin da ya guje wa ne ya biyo shi har situdiyo.

Ranar da aka kira gayya a garin Kawu na bi su, don ba a ba ni labarin irin wannan. Aka ɗora kwamfutar a kan amalanken jaki a bakin gona, aka lulluɓe ta da zane, domin ko an buɗe ta, hasken rana ba ya barin a ga komai a allon. Sallau ya kafa makirfo ɗaya kusa da ganga, ya ɗaure ɗaya a dogon kara yana fuskantar manoma. Kawu, da yake ƙafa ma ba ta bin sahu yanzu, ya tsaya a inuwa, katakon a gabansa. Ya dube shi da kyau.

"Mota abin takawa ukku gare ta. Ina na ukkun?"

"Shina cikin buhu, Kawu. Shi na na zubarwa. In mun ƙare ina aza maka shi da hannuna, ka ji kiɗan tukuna, in ka ƙi shi ka taka."

Kawu ya yi tsaki, ya ce yaran zamani sun raina mutane. Amma manoma sun riga sun jeru suna jiransa, ba wurin gardama. Ya taka totur da kansa, ya ɗaga gula.

Na sha jin gangar Kawu, amma ban taɓa jin ta kamar ranar ba. Ƙasa tana tashi, hauyoyi suna sauka tare, yana kiran gida-gida da kiɗansu, mutum ya ji na kakansa ya yi kururuwa ya ƙara wuta. Can da rana ta take, suna dab da ƙarasa gonar, hannun ya ci amanarsa. Gula ta faɗi ƙasa. Ya sunkuya da ƙyar ya ɗauka, ya ci gaba, amma na ga fuskarsa, na san a ransa ya riga ya zubar da aikin duka.

Bayan an sha fura, Sallau ya cika alkawari. Ya zaro kulocin, ya ɗaura shi a kan katako a gaban kowa, ya haɗa wayarsa, ya kunna lasifika. Kawu ya ɗora ƙafarsa a kai, yana jira a zo wurin da gula ta faɗi. Ni kuwa ina zagin gaskiyar Sallau a zuci.

Aka zo wurin. Ganga ta yi shiru. Amma kiɗan bai tsaya ba, domin makirfon da ke kan kara ya kama hauyoyin, suna sauka tare a kan bugun da ya bar musu, ba wanda ya yi gaba, ba wanda ya yi baya. Sai muryar wani dattijo daga cikin sahu ta taso: "Muna riƙe da shi, Na'Allah, ɗauko abinka!" Da gangar ta dawo, a kan sarar hauya ta sauka daidai.

Kawu bai ji wannan a gona ba, hankalinsa yana kan gular da ke ƙasa. Ya ce a maimaita. Aka maimaita. Ya sake saurara har ƙarshe, ƙafar tana nan a kan kuloci.

"Ni ina cewa ni ka riƙe su," in ji shi a hankali. "Ashe su ma suna riƙe da ni."

Ya janye ƙafarsa. Ya ce wa Sallau ya kwance ƙarfen nan ya mayar wa motar ubansa, ba shi da aiki a nan.

Kafin kaka sun ɗauki kiɗan kowane gida. Damina ta gaba hannun Kawu bai ƙara riƙe gula ba, sai dai a kunna kiɗansa a waya a rataye a bakin gona, shi kuma yana zaune a inuwa yana gyaɗa kai. Ba na ɓoyewa, ina alfahari da ƙanena, ko da yake har yau bai iya ja da mota baya ba. Matasa masu haɗa waƙa sukan zo situdiyo neman gangar Kawu su sa a cikin nasu, kuma kusan kowannensu, in ya ga giɓin nan a allo, sai ya kai hannu zai yanke shi. Sallau yakan riƙe masa hannu, ya ƙara sautin lasifika, ya ce ya saurara tukuna.