Sirrin Da Na Ba Abokiyar Addu'a

A lokacin da abin nan ya faru ina zaune a Gwagwalada da mijina da ƙanwata, ina sayar da abinci kusa da tasha, kuma ni ke koyar da yara a makarantar Lahadi ta cocinmu. Ni mace ce mai zargi, ba zan ɓoye ba. Ko gaisuwa ce ta yi tsawo sai na tambayi kaina me ake nema. Bayan haihuwata ta biyu ciwon damuwa ya kama ni, ba barci, sai kuka ba dalili, har likitan ƙwaƙwalwa ya ɗora ni a kan magani. Kun san mutanenmu, da an ji ƙwaƙwalwa an gama magana, mahaukaciya ce. Shi ya sa ban da mijina, ƙanwata kaɗai ta sani, don ita ke raka ni asibiti.

Sai aka yi babban taron zumuntar mata, coci-coci suka haɗu. Ana tsakiyar wa'azi, mai wa'azin ta ce kowacce ta kama hannun wadda ba ta sani ba, ta faɗa mata nauyin zuciyarta, su yi wa juna addu'a, su karɓi lambar waya. Wadda ta kama nawa babbar mace ce mai sanyin murya, Littafi Mai Tsarki nata duk ya tsufa don karatu. Ta ce aikinta ke nan, bishara mutum da mutum, ba taron da ke wuce ta. Ni da ba na son maƙwabciya ta san miyar da na dafa, sai ga ni ina zazzage mata cikina ina hawaye. Na ɗauka tunda ba ta san kowa nawa ba, maganar ta mutu a nan. Da za mu rabu ta ɗauke mu hoto, wai don tunawa. Daga nan kullum da safe sai ta kira mu yi addu'a, ta tambayi jikina.

Ba a jima ba na fara ganin canji. Mata a coci suna yi min sannu da jiki alhali ban ce ba ni da lafiya ba. In na shigo hira ta tsaya. Wata ta janye ɗanta daga ajina, can sai matar fasto ta kira ni gefe ta ce in ɗan huta da koyarwa, za a nemo wata ta riƙe yaran. Na koma gida raina a ɓace ina auna mutane. Mijina ba ya magana ko da an matse shi. Ƙanwata kuwa akwai surutu, tana ƙungiyar mawaƙa, na ce ai da ɗan gari akan ci gari. Na fara bin wayarta in ta shiga wanka, ina laɓe in ji hirarta da ƙawaye. Da na tuhume ta da tona min asiri, ta rantse, ta yi kuka, ni kuwa kukan ma ya zame min shaida. Na ce ta tattara kayanta, ta koma wajen gwaggonmu a Karmo. Abin kunya, abokiyar addu'ar tawa na kai wa ƙarar ƙanwata, ta ce in yi haƙuri, maƙiyin mutum na cikin gidansa.

Gaskiya ta fito ne a wajen sana'ata. Wata mata da ban taɓa gani ba ta zo sayen abinci, ta ƙura min ido, ta tambaya ko ni ce wadda aljanu suka taɓa, ta ce sun daɗe suna yi min azumi. Ta buɗe wayarta ta nuna min hoton nan na taro a zauren addu'arsu na waya, mata cike daga coci daban-daban, har da na cocinmu. Ashe abokiyar addu'ar tawa tana ba da shaida da ni a taruka, wai ga rai da Ubangiji ya ceto ta hannunta. Da na kira ta, ko a jikinta. Ta ce ita ba gulma ta yi ba, addu'ar mutane da yawa ta fi ƙarfi.

Washegari na hau mota zuwa Karmo na durƙusa wa ƙanwata. Ta ɗaga ni ta ce ta yafe, amma ba ta dawo ba. Ta ce korar ba ta yi mata zafi kamar yadda na yarda da baƙuwar rana ɗaya na ƙaryata wadda muka sha nono ɗaya ba. Har yau muna gaisawa, amma ba ta ƙara ba ni labarin zuciyarta ba, kuma wannan na ci min rai.

Ban daina zuwa taro ba, ban kuma ce duk mai bishara haka take ba. Amma 'yan'uwa, magana zarar bunu ce. In an ce ki faɗi nauyinki, ki ce a yi miki addu'a kawai, Allah ya san sauran. Ku masu bishara kuma, abin da aka faɗa muku cikin hawaye amana ce, ba kayan shaida ba ne. In kuwa sirrinki ya fita, ki fara tuna wa kika faɗa wa da bakinki kafin ki nuna wa naki yatsa. Ni na sami lafiya, an mayar min da ajina, amma ɗakin ƙanwata har yanzu ba kowa a ciki.