Mun Bi Sawun Ruwan Malam Bitrus

Daga Kumbotso zuwa Kura

Ana idar da sallar asuba na turo babur ɗina waje, gari bai gama wayewa ba. Uwargida ta biyo ni har ƙofa tana mita, wai tela da ɗinkin mutane jibge a shago zai tafi yawon duba ruwa. Gaskiyarta ce. Sai dai Sani ne ya roƙe ni, ɗan goggona kuma taubashina, wanda yake aikin dubagari a ƙaramar hukuma. Babur ɗinsa ya kwanta, ga kuma wani koke da aka kai ofishinsu wanda ba zai jira ba.

A titin Zariya 'yan sanda suka tsayar da ni a shinge. Ɗayansu ya duba takarduna ya tambayi inda za ni da sassafe haka, na ce neman ruwa. Ya yi dariya ya ce in na samo in rago masa. Rana na ɓullowa na shiga Kura, injinan casar shinkafa har sun fara ƙugi.

Na tarar da Sani wajen mai koko a bakin tasha, ya cika gabansa da ƙosai. Ya ce bawansa ya makara. Na ce ban taɓa ganin ubangidan da yake aron babur ɗin bawansa ba. Muna karyawa ya ba ni labari. Akwai wani Malam Bitrus, mutumin Filato, da ya daɗe yana noman rani a ƙarshen wani ƙaramin kanal ta wajen Bunkure. Gonar ta aro ce. Tumatirinsa ya fara fure, ruwa kuma ya daina isa gare shi. In wannan shukar ta ƙone, ba shi da abin da zai riƙe shi a nan, sai ya kwashi iyali ya koma gida.

Sani ya riga ya yanke hukunci a ransa: manoman sama ne suke jan ruwa ba ranar rabonsu ba. Ya aika wa mai unguwar ƙauyen da kanal ɗin ya ratsa cewa yana tafe ranar Lahadi, domin ba a shiga gari ba sallama. Ni kuwa Asabar kaɗai nake da sarari, dole ya bi ni.

Kan gaɓar kanal

Muka bar kwalta muka hau gaɓar kanal, ni ina tuƙi, shi yana baya riƙe da sandar awon ruwa. Ban san raina yana ƙishin ganin kore ba sai ranar. Alkama a dama, albasa a hagu, mutane sun sunkuya suna cika gajerun tiyo suna jefa bakinsu cikin fangali. A mashayar da aka ware wa Fulani, shanu sun jeru suna sha, ba mai tsawata wa wani.

Duk ƙofar ruwan da muka iso sai Sani ya sauka, ya tsoma sandarsa, ya tambayi wanda yake da rabo yau. Kowa a kan ranarsa yake. Na ga fuskarsa tana ƙara ɗaurewa, har na ce masa ya yi haƙuri, Allah zai ba shi ɓarawo a gaba. Ya ce in kula da hanya.

Ƙauyen da ba zan faɗi sunansa ba

Ba zan faɗa ba ne don na ci abincinsu. Mun shiga da hantsi muka tarar gari ya tashi tsaye, kowa da tsintsiya. Ana share lunguna, ana kwashe tokar masu turara shinkafa, ana ɗura ɓuntu a buhuna. Maza kuwa sun jera baro suna turawa bayan gari. Muka bi su a hankali har bakin kwalbatin da ruwan yake bi ta ƙarƙashin hanya. Nan suke juyewa. Ta sama ruwa ya taru yana kumfa, ta ƙasa ɗan siriri ne yake ɗiga.

Sani bai sa kakinsa ba, saboda haka wani magidanci mai baro ya ɗauke mu 'yan sarin tumatir.

"Ku ɗan matsa, bayin Allah," in ji shi. "Gobe dubagari zai zo, so muke ya tarar da gari fes."

Sani ya tambaye shi ko kullum haka suke yi. Mutumin ya ce a'a, sai in an aiko da zuwan dubagari. Ya ƙara da cewa na bana ma ya fiye zirga-zirga, ya hana su sakat.

Ni dai sai da na kafe babur na zauna a ƙasa saboda dariya. Tun da koken Malam Bitrus ya iso, Sani yake aikowa yana zuwa bincike, ashe kowane zuwa sai ya ƙara toshe ruwan. Shi bai yi dariya ba a lokacin, tsayawa ya yi yana kallon kwalbatin, sanda a hannu.

Da muka isa zauren mai unguwa, tsohon ya ji kunya ƙwarai. Ya ce su tun kakanni sun san dubagari tulu da lungu yake dubawa, ruwa kuma mai tafiya ne, sun ɗauka yana wucewa da komai. Da ya ji halin da baƙon ƙarshen kanal yake ciki sai ya ce, "Malam Sani, mun shiga hakkin maƙwabci ba mu sani ba."

Sani bai yi zancen tara ba. Ya karanta musu dokar hana zuba shara a hanyar ruwa, ya nemi gayya. Mai unguwa ya nuna tsohon ramin da aka haƙi ƙasar gini ya ce daga yau can ne juji, mai son toka don taki ya ɗiba. Masu baron nan su ne suka faɗa ruwa da shebur da manjagara. Ni ma na naɗe wando, kodayake aikina bai wuce ba da shawara ba. Ana kiran azahar kwalbati ya yi wata irin gyatsa, ruwa ya ɓalle. Aka kawo mana dafa-dukan sabuwar shinkafa da man gyaɗa, na ci har na manta da tsokanar Sani.

Ƙarshen kanal, ta wajen Bunkure

Bayan salla muka bi ruwan. Tafiyarsa ta fi ta tsoho sanyi, yana tura ɓuntu a gabansa, busasshiyar ƙasa tana shanye na farko. Muka wuce shi muka riga shi isa.

Malam Bitrus dogo ne, siriri, Hausarsa tsaf. Yana zaune a kan kunya, ganyen tumatir duk ya sunkuya. Da Sani ya gaya masa yadda aka yi, abin da ya fara cewa shi ne kada a taɓa kowa saboda shi, ruwa ya nema, bai kai ƙarar mutum ba. Muka zauna tare muna jira. Wajen la'asar sakaliya ruwa ya kunno kai. Ya tashi ya tuɓe takalmi, ya buɗe bakin fangali da fartanya, ya tsaya a ciki har ruwa ya rufe masa idon sawu. Raina ya yi fari ƙal.

"Maman Yohana tun shekaranjiya ta ɗaure tukwanenta," in ji shi, yana nufin matarsa. "Ku gafarce ni, bari in je in ce ta kwance."

Komawa gida

Na sauke Sani a Kura ana kiran magariba, na iso Kumbotso bayan isha, wando duk taɓo. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni lafiya, na gode wa mai unguwa da masu baronsa. Shekaru sun wuce, har yau Malam Bitrus bai tafi ba. Bara ma ni na ɗinka kayan auren ɗansa Yohana, a ƙarshen kanal ɗin aka yi biki.