Waƙar Kaka da Ba Mu Amsa Ba

Shekarar da yajin aiki ya rufe lakwal, wato makarantar boko, yayata ta rasa abin yi, sai ta faɗa wa tatsuniyoyin kakarmu. Ƴar kwaleji ce, kanta cike da darasin taurari da abin da take gani a tele. Muna ban ruwan albasa a garkarmu ta bakin tafkin Madarumfa take ba mu su, da rana tsaka. In aka tuna mata ba a tatsuniya da rana, sai ta ce tata ta inji ce, dokar ba ta hau kanta ba.

A bakin Kaka, dodo ne ya tare rijiya. Yarinya ta yi masa waƙa, mu masu saurare muna amshi, har barci ya kwashe shi ta ɗebi ruwa. A bakin yayata, dodon jirgin ƙarfe ne da ya faɗo daga wata duniya, yana zuƙe ruwan gari don ya samu ƙarfin komawa. Yarinyar ta kutsa cikinsa ta cire batir. Waƙa kuwa yayata ta jefar da ita, wai inji ba shi da kunne. Gaskiya abin ya yi daɗi. Yaran unguwa suka koma garka, tabarmar Kaka bayan tuwo ta zama daga ita sai kyanwa.

Ba ta yi faɗa ba. In mun gifta sai ta ce, "Ku tai wurin makanikiyarku, ni mi na sani?"

Bayan wasu shekaru ciwo ya kwantar da Kaka, ya tafi da maganarta. Ko ruwa da hannu take nunawa. Wata rana da la'asar, yayata na ba ta kunu, sai muka ji waƙar rijiya ta fito daga bakin Kaka tar, ba gargada. Ta kai wurin amshi ta tsaya, tana kallonmu.

Muka kalli juna, duk mun manta amshin. Yayata ta gwada wani guntun sauti, Kaka ta girgiza kai, ta sake ɗaukowa daga farko.

"Yi gudu ki tambayo Inna," in ji yayata.

Innarmu ƴar garin Ɗan Issa ce, amshin garinsu daban. Tsohuwar maƙwabciyarmu ta ba ni nata, na kawo da haki, shi ma Kaka ta ƙi shi. Baba kuwa, ɗan da Kaka ta haifa, yana cikin kwalekwale tsakiyar tafki.

Kaka ta sake yi, ta tsaya, ta jira. Na ga tana neman kalmomin da kanta, leɓenta na motsi, ba su zo ba. Yayata ta ajiye ludayi tana kuka. Ban taɓa jin baƙin ciki irin na wannan yammacin ba.

Da Baba ya dawo ya ce ya manta tun yana yaro. Kaka ba ta ƙara waƙa ba har ta rasu. Ni na riƙe rabin da ta yi mana. Ina yi wa ƴaƴana, in na kai wurin sai in tsaya, su ce, "Inna, ci gaba mana."