Sallamar Ɗan Fashi

Maliki ya buɗe rumfarsa ta gyaran rediyo a Yelwa a shekarar da aka yanke Jihar Kebbi daga Sakkwato. A wancan zamani idan abu ya lalace gyara shi ake yi, ba a yarwa. Mutum ne mai son ƙa'ida. Duk ƙusar da ya kwance sai ya ajiye ta a murfin gwangwaninta. Da rediyo ta ja baya, ya koma gyaran waya da irin wannan natsuwa.

Wayar ce ta mai da shi alƙali. Masunta da 'yan kasuwa na Yelwa da Wara da Shanga sun ƙirƙiro wani wasa a zauren hira na waya. Wannan falke ne, wannan mai jirgi, wancan ɗan fashin ruwa. Komai a rubuce yake, babu kifi ko jirgi na gaske. Da rigima ta yi yawa, suka roƙi Maliki ya tsara musu dokoki.

Ya rubuta a kwali, ya ɗauki hoto ya tura. Ba a fashi lokacin salla. Wanda aka tare yau ba a sake taɓa shi sai bayan kwana uku. Babbar dokar kuwa daga ƙuruciyarsa ya ɗauko ta, lokacin da samari ke wasan kifar da kwale-kwale a bakin kogin Kwara, ba a taɓa kowa sai an kira sunansa. Dole ɗan fashi ya yi sallama sau uku, don mai kaya ya gudu ko ya yi faɗa. Idan wayarsa ta nuna yana nan amma ya yi shiru minti biyar, ya sallama ke nan.

Gwanar fashi a wasan ita ce ƙanwarsa Hawwa, tela. Wata Talata ta ƙwace jirgi mai inji daga hannun Bello, masunci daga wajen Wara, wanda ya yi wata huɗu yana wasa kafin ya same shi. Bello ya ce yana bayan tsibiri yana jan komar kifi, ko sallama ɗaya bai gani ba. Hawwa ta turo hoton da ke nuna yana kan layi. Masunta suka ce idan alƙali ya bi bayan 'yar gidansu, dukansu za su fice.

Maliki ya rufe rumfa, ya shiga mota zuwa Wara, ya sa Bello ya kai shi wurin. Ya bar wa Hawwa umarni ta turo masa saƙo da ƙarfe sha ɗaya daidai. Ya zauna a kwale-kwale, agogo a hannun hagu, waya a dama. Saƙon bai shigo ba sai sha ɗaya da minti arba'in, da suka zagayo tsibirin. Hawwa kuwa duk lokacin nan tana ganin sa kan layi.

"Yaya, ka rufe rumfa yini guda don jirgin da babu shi?" in ji ta da ya dawo.

"Jirgin babu shi. Bello akwai shi. Mai da mishi abinai."

"Wallahi da ɗan sanda ka zama, da ko Inna ka kama."

Ta mayar da jirgin. Maliki ya ƙara layi ɗaya a kwalin: mai shiga ruwa ya rubuta cewa ya shiga, ba a tare shi, shi ma ba ya ciniki sai ya fito. Masunta suka fasa ficewa.

Ranar kasuwar Yelwa Bello ya zo karɓar ɗinkinsa wajen Hawwa. Ta ba shi kujera, ta tabbatar wayarsa na da sabis, sannan ta ɗauki tata.

"Malam Bello, yau dai ba ka bayan tsibiri. Salamu alaikum, ta farko ke nan."